Sanƙo, Zubar Gashin Jego da Makero: Me Ya Kamata a Saya?

Tambaya: Ni matashi ne ɗan shekara 29, ina kasuwanci a Wunti, cikin garin Bauchi. Gashin gaban kaina yana ja da baya, tsakiya kuma ta fara haske. Mahaifina da kawuna duk masu sanƙo ne. Na ga ana tallan wani mai a Facebook, wai sati biyu gashi ya dawo, abokina kuma ya ce in sayi minoxidil. Wanne zan saya? An kuma ce mini yawan sa hula ne ya jawo.

Amsa: Ɗan'uwa, bar hularka a kanka, ba ruwanta. Naka gado ne, kuma yana biyo ɗakin uwa kamar yadda yake biyo na uba. Jikin namiji yana sarrafa sinadarin testosterone ya koma wani da ake kira DHT. Shi ne ke matse saiwar gashi a goshi da tsakiyar kai, gashin ya riƙa fitowa siriri, gajere, har saiwar ta daina aiki. Muddin akwai ɗan gashi mai laushi a wurin, magani zai iya kamawa. Inda kuwa ya yi sumul shekara da shekaru, shafe-shafe ba ya tada shi.

Man sati biyun nan kada ka ba shi ko sisi. Gashin mutum bai wuce kusan santimita ɗaya yake ƙaruwa a wata ba, to ina sati biyu za ta cika kai? Yana ɓata mini rai yadda ake cin kuɗin samari da hotunan da ba a san inda aka samo su ba. Man kaɗanya da na habbatus sauda suna tausasa fata, suna rage karyewar gashi, amma ba sa taɓa DHT.

Abokinka ya fi kusa da gaskiya. Asalin minoxidil maganin hawan jini ne, sai aka lura masu shansa gashi na tsiro musu, aka mayar da shi na shafawa, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988. Maza kan yi amfani da mai ƙarfin kashi 5, safe da yamma, a fatar kai busasshiya. Sai an yi wata uku zuwa shida kafin a ga canji, a makonnin farko ma zubar kan ƙaru, a nan ne da yawa ke tsorata su watsar. Abin da nake so ka auna tun kafin ka buɗe kwalbar farko shi ne, ranar da ka daina, gashin da ya dawo zai sake tafiya cikin 'yan watanni. Saboda haka lissafa kuɗin shekara, ka ga ko aljihunka zai ɗauka. Ka saya a kantin magani mai rajista, ka duba lambar NAFDAC.

Akwai kuma ƙwayar finasteride mai miligram 1, wadda aka amince da ita don sanƙon maza a 1997, ita ce ke rage DHT ɗin kai tsaye. Kada ka sha ta da ka. Wasu 'yan kaɗan takan rage musu sha'awa, kuma mace mai ciki ba ta ko taɓa wadda ta fashe, don tana iya cutar da ɗa namiji a ciki. Ka je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) ka nemi ganin likita a kan fatar kanka. Dashen gashi da ake zuwa Turkiyya yi, ka jinkirta shi, don a shekarunka sanƙon bai gama tafiyarsa ba.

Tambaya: Wata huɗu da haihuwata, ina zaune a Jekadafari, Gombe. In na sa mataji, gashi cike da hannu. Mai kitsona ta ce in sayi man tsiro.

Amsa: 'Yar'uwa, barka da arziki, Allah ya raya. Kwantar da hankalinki. Lokacin ciki gashin da ya kamata ya zube yakan tsaya, bayan haihuwa sai ya sauka gaba ɗaya, galibi daga wata na biyu zuwa na huɗu. Yakan dawo da kansa kafin jariri ya shekara. Zazzaɓi mai tsanani irin taifot ma yana yin haka. Kuɗin man nan gara ki kai shi gwajin jini, musamman in kin zubar da jini da yawa wurin haihuwa ko kina jin jiri da kasala, domin ƙarancin ƙarfe a jini da ciwon maƙoƙo suna tsawaita zubar. Ki ci hanta, wake, ƙwai da zogale. Minoxidil kuwa ba na mai shayarwa ba ne.

Abin da na fi ji miki tsoro kitso ne. Ƙananan kitso masu ɗaure goshi, da ƙarin gashi mai nauyi, da man miƙar da gashi, su ke cinye gefen goshin matanmu. In aka daɗe a haka saiwar takan mutu ta zama tabo, wanda babu maganin da ke gyarawa. Duk kitson da ya hana ki barci ko ya fito miki da ƙuraje a goshi, ki tsefe shi a daren.

Tambaya: Jikana ɗan shekara 7 ya dawo daga aski da farin zagaye a ka, gashin wurin ya karye. Mun shafa man kanti, bai ji ba.

Amsa: Baba, wannan ya yi kama da makero, kuma ƙwayar cutar tana cikin saiwar gashi, inda man shafawa ba ya kaiwa. Maganinsa na sha ne, irin su griseofulvin, na sati shida zuwa takwas, likita ne zai auna shi da nauyin yaron. A ware masa mataji da hula da matashin kai, a duba sauran yaran gidan, in da hali kuma a saya masa injin askinsa shi kaɗai.