Kuɗin kare fadama ba asara ba ne

Malam, ka tambaya ko ya dace gwamnatin Legas ta ware kuɗi don kare fadamu da filayen gwamnati alhali tituna da asibitoci na jiran gyara. Ya dace ƙwarai. Fadamun Lekki da na bakin kogin Ogun su ne ke shanye ruwan damina. Idan aka cike su da yashi aka yi gini, ruwan sai ya nemi hanya, kuma hanyar ita ce titin da kake so a gyara. Mu da ke kasuwanci a Mile 12 mun san yadda ambaliya ke hana motocin tumatir da albasa shigowa, kaya su ruɓe a kan hanya.

Sharuɗɗana biyu ne: a saki kuɗin, kada su tsaya a takardar kasafi, kuma a daina yanka filayen. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta ɗora filayen jiha a hannun gwamna, don haka yana da ikon hanawa. Dubi Lekki Conservation Centre, wani daji mai hekta 78 da aka killace tun 1990. Gidaje sun kewaye ta, amma dajin na nan.