Dosiyena ya zaga ofisoshin Garwa, har yau ba a ɗauke ni ba

Goggo, barka da aiki. Ni budurwa ce a Garwa. Na yi lisans ɗina a fannin lissafin kuɗi a Jami'ar Ngaundare, kuma tun da na dawo gida babu inda aka kafa sanarwar ɗaukar aiki ban kai dosiye ba. Kuɗin fotokofi da tambur kaɗai ya isa jari. In an kira ni ganawa, sai in tarar benci ya cika, kowa da irin takardata, wasu ma da ta fi tawa. Daga nan shiru. Yanzu ina zama a shagon kawuna a babbar kasuwa. Ni ke riƙe littafin bashi, ni ke mayar da farashin kayan Mubi daga naira zuwa sefa, ni ke karɓar kuɗin Orange Money da MoMo. Ban taɓa sa wannan a CV ba, don kunya. Kwanan nan wani ya ce in an haɗa masa kuɗi zai shigar da ni wani kamfani, har Inna ta fara zancen sayar da tumakinta. Me zan yi a gan ni a cikin wannan taro?

'Yarki daga Garwa

'Yata, tumakin Inna tukuna: a bar su a turkensu. Mai sayar da aiki ba ya ba da rasit, kuma ranar da ya kashe waya ba ki da inda za ki kai ƙara, tunda ke ma hannunki na ciki.

Abin da ya tsaya mini a wasiƙarki shi ne kunyar nan. Duk wanda ke kan bencin yana da lisans, to lisans ba za ta bambanta ki da kowa ba. Shagon kawu ne zai bambanta ki, shi kuma kika ɓoye. Mai ɗaukar akawu tsoronsa ɗaya ne, kada ya miƙa wa mutum akwatin kuɗi ya tarar bai taɓa riƙe ko sisi na wani ba. Ke kuwa kullum da yamma kina daidaita abin da ke cikin aljihun tebur da abin da ya shigo ta waya. Ki rubuta shi a saman CV, kafin makarantu, kuma kada ki rubuta "ina taimakon kawuna". Ki faɗi aikin: kula da bashin abokan ciniki, lissafin kaya da kuɗi iri biyu, rufe asusun yini. Kawu ya sa miki hannu da hatimin shago a takardar shaidar aiki.

Sannan ki ƙara wa aikin daraja tun kina ciki. Ki kwashe littafin bashin nan ki zuba a Excel, ki tsara asusun shagon bisa SYSCOHADA, tsarin lissafin kuɗi da aka sabunta aka fara aiki da shi a 2018, wanda kamfanonin Kamaru da Cadi ke bi. In kin samu inda ake koyar da Sage, manhajar lissafin kuɗi ta kwamfuta, ki shiga. Ranar ganawa ki tafi da shafi biyu da kika buga, kin goge sunayen masu bashi. Wasu za su ce sun iya, ke za ki ajiye a kan tebur.

Ba ki ambaci harsuna ba, amma 'yar kasuwar Garwa da ke ciniki da Mubi na san tana jin Hausa da Fulatanci, ga Faransanci, wataƙila da ɗan Ingilishi. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Marwa da Mokolo, musamman wajen sansanin 'yan gudun hijira na Minawao da aka buɗe a 2013, suna ɗaukar masu tattara bayanai da wayar hannu, kuma wanda ya taso daga Yawunde da Faransanci kaɗai sai an nema masa tafinta. Aikin na 'yan watanni ne, amma yana sa a san mutum. Haka kamfanin auduga na Sodecoton: lokacin sayen auduga akan bukaci ƙarin hannu, ki sa kunne tun kafin kaka.

Ki yi rajista da FNE, hukumar gwamnati mai taimaka wa masu neman aiki, in ba ki yi ba, kyauta ne. Amma ki daina watsa wasiƙa iri ɗaya ko'ina kina sauya sunan ofis kawai, masu karantawa na ganewa tun daga layin farko. Ki zaɓi ƙananan ofisoshin akawu na cikin gari, waɗanda ke cike wa 'yan kasuwa takardun haraji ta intanet, ki je da ƙafarki ki nemi sitaj, wato koyon aiki, ko da alawus kaɗan ne. Kafin ki je, ki tambayi kawu wa ke yi wa manyan 'yan layinku lissafin haraji, ki roƙe shi ya raka ki gaisuwar farko.

Goggo