Tambaya da Amsa: Me Ke Sa Taswirar Waya Ɓatar da Direba?

Wasiƙun wannan makon duk a kan taswirar waya suke. Abu uku ne ke kawo matsala: saƙon taurarin ɗan'adam, kamfas ɗin da ke cikin wayar, da ita kanta taswirar. Kowanne da maganinsa, shi ya sa sai an gane wanda ya kuskure kafin a ce waya ta lalace.

Tambaya: Ni direban tasi ne a Kano. Idan na shiga tsakanin benaye ko na bi ta ƙarƙashin gadar sama, sai ɗigon shuɗin nan ya tsallaka wani titi, muryar ta ce in juya alhali ina kan hanya. Wayar ce ta samu matsala?

Amsa: Malam direba, da wuya a ce wayarka ce. Taurarin GPS, wato taurarin ɗan'adam da waya ke gane wuri da su, na Amurka ne, kimanin 30 ke aiki, suna kewaya duniya a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa. Kowanne yana turo saƙo mai ɗauke da lokacin da ya baro shi. Wayar tana auna daɗewar saƙon a hanya, ta mayar da shi nisa, kuma sai ta ji aƙalla taurari 4 kafin ta san inda kake. Saƙon yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya zama mita 300 a ƙasa. A fili, inda babu abin da ya tare sama, waya kan kuskure da kimanin mita 5 kacal.

Tsakanin benaye kuwa, saƙon ba ya iso ka kai tsaye. Yakan bugi bango ko rufin kwano ya dawo kamar amsa-kuwwa, hanyarsa ta ƙara tsawo, wayar ta ɗauka kana gaba da inda kake da mita 20, 30 ko fiye. Ita kuma manhajar an gina ta ne ta jawo ɗigon ta ɗora shi a kan titin da ya fi kusa. In tituna biyu suna jere, sai ta ɗora ka a kan na maƙwabtaka, ta sake lissafin hanya. Batun gadar sama ya fi haka wahala: duk taurarin a sama suke, babu ko ɗaya a ƙarƙashinka, saboda haka awon tsayi ya fi awon gefe rauni. Wayar ba ta iya tantance ko kana kan gada ko ƙarƙashinta. A irin wannan wuri ka bi allon hanya da idonka, ɗigon zai dawo da kansa da zarar ka fito fili.

Akwai abin da ke hannunka. Ka ɗaura wayar a mariƙi kusa da gilashin gaba, ka daina ajiye ta a cinya ko ramin da ke gefen giya, domin rufin mota ƙarfe ne kuma yana tare saƙo. Ka shiga saitin lokeshan ka tabbatar an bai wa manhajar izinin sanin takamaiman wuri; tun daga Android 12 da iOS 14 ana iya ba ta izinin ƙiyasi kawai, kuma da shi ba a tuƙi. Ka kashe tsarin tattalin batir yayin tafiya. Sannan ka sauke manhajar GPSTest mai auna saƙon taurari, ka duba ƙarfin saƙon a waje da mota, ka shiga ciki ka sake dubawa, ka jona caja ka sake dubawa. Lambar da ta haura 30 tana da kyau. In ta faɗi da zarar ka jona caja, to cajar ce ke fitar da hayaniyar lantarki, ka canza ta. In ta faɗi sosai da shigarka mota, ka binciki tintet ɗin gilashin. Mai sinadarin ƙarfe yana toshe saƙo, na rini zalla ba ya yi.

In za ka sayi sabuwar waya, nemi mai karɓar saƙon taurari a zango biyu, waɗanda ake kira L1 da L5. Xiaomi Mi 8 ce ta fara zuwa da shi a 2018. L5 ya fi iya bambance saƙon gaskiya da wanda ya bugi bango.

Tambaya: Idan na tsaya a danja ko zan tashi daga gida, kibiyar tana nuna gabas ni kuwa ina fuskantar yamma.

Amsa: Hajiya, wannan aikin kamfas ne. Mota na tafiya, wayar tana gane alƙibla daga motsinki. Tana tsayawa sai ta koma ga kamfas, shi kuma maganaɗisu da ƙarfe suna ruɗa shi. Mariƙin waya mai maganaɗisu da jakar waya mai murfin maganaɗisu su ne kan gaba. Ki cire su, ki fito daga motar, ki juya wayar a iska kamar kina zana lamba 8 sau uku ko huɗu. In ba ki da lokaci, ki ja motar 'yan mitoci, kibiyar za ta miƙe.

Tambaya: Daga Damagaram nake. Shin hazon hunturu da hadarin damina suna hana wayar ganin taurari?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Ƙura, gajimare da ruwan sama ba sa yi wa wannan saƙon wata illa da direba zai lura da ita. Abin da ke taɓa shi a yankinmu yana can sama da gajimare nesa, a wani sashe na sararin samaniya da hasken rana ke cika shi da lantarki. Nijeriya da kudancin Nijar suna kusa da layin tsakiyar maganaɗisun duniya, kuma a wannan yanki sashen yakan hargitse bayan faɗuwar rana zuwa tsakar dare, musamman wajen Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba. Abin ya fi tsanani a shekarun da rana ta fi tashin hankali, a zagayenta na kimanin shekara 11. Sakamakonsa ɗigo ya yi ta rawa ko ya ɓace na ɗan lokaci. Ba gyaran da za ka yi wa waya. Wayar da ke haɗa taurarin GPS da na Galileo na Turai, GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin ta fi jurewa, tunda in wasu taurarin sun ɓace tana da wasu.

Abin da yanayinmu ke yi wa waya da gaske shi ne zafi. Apple ya ce a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 da 35, zafi kuwa a watan Afrilu yakan wuce 40 a inuwa, balle bayan gilashi. Waya ta yi zafi sai ta rage gudun aikinta, ta dusashe allo, taswira ta riƙa makara. Ka sa mariƙin inda iskar esi ke bugunta.

Tambaya: Ina jan babbar mota. In sabis ya ɗauke a daji, taswira ta mutu ke nan?

Amsa: Saƙon taurari kyauta ne, ba ya buƙatar data ko layi. Data tana yin aiki biyu ne: sauko da hoton taswirar, da gaya wa wayar inda taurarin suke don ta kama su cikin daƙiƙoƙi. Babu data, sai ta karanto wannan bayanin daga taurarin da kansu, a hankali ƙwarai. Aƙalla daƙiƙa 30, wani lokacin mintoci. Ka tsaya a fili ta kama kafin ka tashi, kamawa cikin tafiya ta fi wuya. Tun kana gari ka sauke taswirar yankin a Google Maps, ko ka sa manhajar taswira ta OsmAnd ko Organic Maps. Sai dai taswirar da aka sauke ba ta nuna cunkoso.

Ka kuma riƙe wannan da kyau, Malam: taswira ba ta san gadar da ruwa ya cinye jiya ba, ba ta san dajin da ba a bi bayan la'asar ba. In ta ce ka bar kwalta ka yanke ta wata hanya don rage minti 20, kada ka bi sai ka tambayi direbobi a tasha.

Tambaya: Malejin motata yana nuna 110, waya tana nuna 102. Wa ke da gaskiya?

Amsa: A miƙaƙƙen titi, da gudu ɗaya, waya ta fi kusa da gaskiya. Ƙa'idar da motocin Turai ke bi ta hana maleji nuna ƙasa da ainihin gudu, amma ta yarda ya ɗara da har kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4. Girman taya ma yana shiga: wanda ya cire taya mai lamba 195/65 R15 ya sa 205/65 R15 ya ƙara kusan kashi 2 cikin 100 a nisan da mota ke ci a kowane juyi. Lokacin taka birki ko totur kuwa maleji ne abin dubawa, domin galibin wayoyi sau ɗaya a daƙiƙa suke sabunta wuri. A gudun kilomita 100 mota tana cin kusan mita 28 a wannan daƙiƙar, dalilin da ya sa wani lokaci sai ka wuce kwana muryar ke cewa ka shiga.

Tambaya: Na rubuta Tudun Wada, ta kai ni wata unguwa dabam.

Amsa: Nan laifin suna ne. Tudun Wada da Sabon Gari suna nan a Kano, a Zariya, da garuruwa da dama, kuma lunguna da yawa ba su da suna a taswira. Ka ce wa mai gidan ya tsaya a ƙofar gida, ba cikin ɗaki ba, ya jira da'irar da ke kewaye da ɗigon ta ƙanƙance, sannan ya turo maka wurin ta WhatsApp. In lambobin da ke nuna wurin a taswira zai karanto maka, ka karɓi biyar bayan ɗigon da ke cikin lambar: uku suna barin tazarar kusan mita 110, huɗu mita 11, biyar kimanin mita ɗaya.