Jinyar mahaifiya da kula da kai

Malama, kin tambaya ko laifi ne ki nemi hutu alhali ke kaɗai kike jinyar mahaifiyarki wadda ɓarin jikinta ya shanye. Ba laifi ba ne, domin mai wannan larura tana buƙatar a riƙa juya ta duk bayan awa 2 don gudun gyambon kwanciya, kuma babu mai iya wannan dare da rana shi kaɗai. Ki tara 'yan'uwanki, har da mazan da suka saba turo kuɗi kawai, ku raba kwanaki. Wajen ɗaga ta, ki lanƙwasa gwiwoyinki maimakon ki lanƙwasa bayanki. Ranar zuwa asibiti kuwa, ke ma a auna jininki, ki kuma gaya wa likita idan barci ya ƙaurace miki.