Amsar Baffa a kan sana'ar gado da arzikin ƙasa

Assalamu alaikum ɗana. Ina fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so.

Na ga saƙonka. Ka ce malaminku ya jera muku sassan da ke ɗauke da tattalin arzikin Najeriya, noma da man fetur da masana'antu da kasuwanci da sadarwa da bankuna, ka duba ba ka ga marina a ciki ba. Shi ne kake tambaya me ya sa har yau a gidanmu ake dagewa sai yaro ya san rini ko da boko yake yi, shin riƙon gado ne kawai, ko kuwa akwai abin da al'adar take ƙara wa ƙasa. Na ji daɗin tambayar, don yawancin tsararrakinka ba sa tambaya, barin marinar kawai suke yi. Zan tsawaita, ka yi haƙuri.

Abin da nake so ka fara ganewa shi ne ba a taɓa yin rini shi kaɗai ba. Kafin ƙyalle ya iso bakin karofi, wato ramin rini, ya riga ya ciyar da gidaje da yawa. Manomi ya shuka auduga, da fartanyar da maƙeri ya ƙera masa. Mata a cikin gida su gurje ta su cire angurya, su kaɗa ta da mazari, suna shafa alli a yatsa, su fitar da zare da abawa. Kakarka ta yi wannan aikin, da kuɗinsa ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, ba ta taɓa taka kasuwa ba, 'yan talla da dillalai ne suke kai mata suna kawo mata. Masaƙi ya karɓi zaren ya saƙa, maɗinki ya haɗa ƙwarya da ƙwarya, wato siraran saƙar, ta zama zane ko riga. Sannan ne ake kawo mana. Mu ma ba da hannu wofi muke aiki ba, sai wani manomin ya noma mana baba, shukar da ake rini da ganyenta, wani ya kawo toka, magini ya yi wa ramin laso don kada ya tsiyaye. In mun tsamo mun shanya, sai mabuga su karɓa, su shimfiɗa a kan gungume, su barbaɗa shuni su yi ta bugu har zanen ya riƙa ɗaukar ido. Daga nan sai dillali, sai falke, sai mai jaki da mai raƙumi, sai fatoman da zai sauke baƙo a can inda kayan za su. Ka ƙirga da kanka mutum nawa suka ci abinci a jikin rawani guda.

To al'adar gado a nan take da aiki. Haɗa karofi ba abu ne da ake koya da baki ba. Sai ka tsaya kusa da mai yi shekara da shekaru kafin ka san adadin tokar da za ta ishi baba, ka san daga kumfa da wari ko ruwan ya nuna, ka san ranar da ya mutu za a kwashe katsi, wato abin da ya kwanta a ƙasan ramin, a ƙona. A lokacin da babu makarantar koyon sana'a, gida shi ne makarantar. Shi ya sa in ka zaga cikin birnin Kano za ka ji sunayen unguwanni irin su Dukawa da Soron Ɗinki, ga majema a Ƙofar Wambai, ga marinar Ƙofar Mata da ake cewa tun 1498 take. Kowace sana'a kuma da sarkinta: Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Aska, Sarkin Magina, Sarkin Dillalai. Kada ka ɗauka sarautar rawani ce kawai. Shi ne mai raba gardama tsakanin 'yan sana'a, shi ne mai hukunta wanda ya yi algus, ta hannunsa kuma haraji yake kaiwa fada. Mu marina kuɗin karofi ake karɓa a kanmu, rami-rami. Wato tun kafin Bature ya zo, hukuma ta san kowace sana'a da abin da take zubawa a baitulmali.

Ba mu kaɗai muke faɗar haka don yabon kai ba. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, har Tumbutu ta yamma. Ya ƙiyasta kuɗin tufafin da ake fitarwa a shekara da wuri miliyan 300. Turkuɗin Kura shi Buzaye suke naɗawa, su kuma su sauko mana da gishirin Bilma. Fatake su ɗauki rini da kanwa su nufi Gwanja su dawo da goro. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ita ce mahaɗar duk wannan. Haka fata: mahauci ya feɗe, majemi ya jeme da bagaruwa, a rina da karan dafi, baduku ya yi takalmi da jaka da kayan doki. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce ta tsallaka Sahara, Turawa suka saye ta a hannun Larabawan arewa suka riƙa kiranta fatar Maroko.

Amma kada in nuna maka gefe guda. Wani kaso mai yawa na audugar da babar nan bayi ne suka noma su a rinji, wato ƙauyen gonakin bayi, wannan kuwa ba abin alfahari ba ne. Kuma al'adar gadon ta zo da wani abu da ban taɓa yarda da shi ba, wato raina wasu sana'o'in. A hana mahauci ko wanzami aure don sana'ar ubansa, alhali babu gidan da yake iya kwana biyu ba tare da ya nemi ɗayansu ba. Wannan ba addini ba ne, ba kuma hankali ba ne, in ya mutu ba zan yi masa kuka ba.

Yanzu ka dubi abin da ya faru da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi sosai a 1912. Turawa auduga suke so don masaƙunsu na Ingila. Sai suka tarar masaƙan gida suna ba manomi kuɗin da ya fi nasu, audugar ta ƙi fita yadda suke so. Ka lura da wannan da kyau, sana'ar hannu ta yi ƙarfin da ta ja da kamfanin Bature a kan farashi. Gyaɗa ce ta cika jirgin. Tsofaffin fataken goro irin su Alhassan Ɗantata, da suka riga suka san hanya da bashi da amana, su suka shiga ƙauyuka suna saye, har aka riƙa tara buhuna ana yin dala. Kuɗin gyaɗa da auduga da fata su suka riƙe Jihar Arewa, kamar yadda koko ya riƙe Yamma, manja ya riƙe Gabas. Sai dai akwai bambanci da na dā. Rawanin Kura sai ya ratsa hannun mutane goma kafin ya bar ƙasa, ita kuwa gyaɗa daga ɓara sai buhu sai tasha. Ribar matse ta can ƙetare aka ci, in ka cire abin da matanmu suke yi na mai da ƙuliƙuli da 'yan kamfanonin da aka kafa daga baya.

Su Sardauna sun gane wannan giɓin. Shi ya sa aka buɗe masaƙar Kaduna ta farko a 1957, wasu suka biyo baya a Kakuri, Kano ma aka cika Bompai da Sharaɗa da Challawa da masana'antu. Na ga wannan zamanin da idona. In aka tashi ma'aikata da yamma, kekuna ne suke toshe titi, masu abinci da masu shayi da teloli da masu gidan haya kowa yana samu. Audugar Funtuwa da Gusau tana da mai jiranta. A ganina wannan ita ce tsohuwar sarƙar nan tamu, daga gona zuwa masaƙa zuwa rini zuwa kasuwa, an dai sa mata inji ne.

Sai mai ya zo. An same shi a Oloibiri a 1956, aka fara fitarwa a 1958, amma bayan yaƙin basasa ne kuɗinsa ya yi ambaliya. Ba na zagin mai, da shi aka yi tituna da jami'o'i, har da wadda kake ciki. Matsalarsa ita ce yana kawo kuɗi mai yawa ta hannun mutane kaɗan. Rijiyar mai ba ta neman zare a wurin kakarka, ba ta neman fartanya a wurin maƙeri. Gwamnati ta samu abin kashewa ba tare da ta waiwayi manomi ba, naira ta yi ƙarfi, sayo kaya daga waje ya fi yin su a gida sauƙi. Ga farin 1973, ga cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, dala ta rushe ba ta sake tashi ba. A 1986 aka karya darajar naira aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Masaƙu suka shiga uku: babu wuta, baƙin mai ya yi tsada, kayan gyaran inji sai da dala ta Amurka, ga atamfar fasa-ƙwauri tana kwararowa ta kan iyaka. Masaƙar nan ta 1957 ta rufe a 2002. Yau ka shiga Kantin Kwari, kasuwa ce da babu kamarta a harkar yadi a wannan yanki, amma ka ɗaga bandir ka duba inda aka yi shi, yawanci Sin ne. Ɗan kasuwa yana samun ribarsa, Allah ya ƙara masa, sai dai manomin auduga da masaƙi da marini babu rabonsu a ciki.

Ka tambayi malaminka, zai tabbatar maka da wannan: a jimillar abin da ƙasar nan take samarwa a shekara, mai bai kai kashi 10 cikin 100 ba a 'yan shekarun nan, amma shi ne yake kawo mafi yawan kuɗin waje. Noma yana kusan kashi ɗaya cikin huɗu, shi ne kuma ya fi ɗaukar mutane, ba banza ake masa kirari da na duƙe tsohon ciniki ba. Kasuwanci da sadarwa da sufuri da bankuna da makamantansu sun haura rabi. Kowanne da irin gudummawarsa. Wani abinci yake bayarwa, wani kuɗin waje, wani aikin yi, wani kuma sauƙaƙa wa sauran yake yi. Wayar salula da ta shigo a 2001 ta yi wa ɗan kasuwa abin da madugu da fatoma suke yi masa a dā, yana Dawanau yana jin farashin Legas, a tura masa kuɗi bai motsa ba. Da aka sake lissafin tattalin arzikin a 2014 ne ma aka ga ashe sadarwa da harkar fim sun girma ba a sa su a ma'auni yadda ya kamata ba, Najeriya ta zama ta ɗaya a Afirka a lokacin. Wannan ya nuna maka rashin ganin abu a jadawalin malami ba ya nufin babu shi. Matar da take ɗinkin hula a ɗaka, da mai surfe, da mu 'yan karofi, muna ciki ko an rubuta sunanmu ko ba a rubuta ba.

Inda ciwon yake shi ne tsakiya, wurin sarrafawa. Har yau riɗi da citta da zoɓo suna fita a buhu kamar yadda gyaɗa ta fita. Fatar da ake jemewa a Challawa tana tafiya Italiya da Sifaniya a yi takalmi da jaka, kuɗin ɗinkin a can yake zama. Tumatirin Kadawa yana ruɓewa a kwando lokacin kaka, mu kuma muna sayen na gwangwani. Inda aka gyara kuwa ana gani. Dubi abin da ruwan Tiga da injinan casar shinkafa suka yi wa Kura, yadda manomi da mai turara da mai inji da mai buhu da direba suka sake haɗuwa a kan abu guda. Dubi kuma zuriyar Ɗantata, tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote da saye da sayarwa ya fara, ya koma yin siminti da taki da tace mai a cikin ƙasa.

Saboda haka in mahaifinka ya ce ka zo marina, ba cewa yake yi ka ajiye biro ka ƙare rayuwarka a bakin rami ba. Ni ma ba zan so maka haka ba, don rinin hannu kaɗai ba zai tufatar da mutum sama da miliyan 200 ba. Abin da ake so shi ne kada sanin ya yanke, kuma a samu wani a gidan da ya san karofi ya kuma san lissafi. Mu mun iya haɗa baba, amma ba mu iya fitar da kuɗin da zane guda ya ci mana ba, ba mu san yadda ake kai shi ga mai saye a wata ƙasa ba sai ta hannun wanda zai cinye ribar, kuma farin yadin da muke rinawa yanzu ma na waje ne. Waɗannan ayyukanku ne.

In an ba ku hutu ka taho da littafi. Zan haɗa ka da masu bugu da wani tsohon masaƙi da ya rage a wajen Kura, ka bi zane ɗaya tun daga sayen fari har zuwa hannun mai saye, ka rubuta abin da kowa ya samu a kai da abin da ya fita waje. Ka kai wa malaminka ya duba, ina so in ji abin da zai ce.

Ka gaida abokan karatunka. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Baffanka.