Daga wane aljihu ake biyan kuɗin zanen tashar jirgi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ana shirin gina sabuwar tashar jirgin ƙasa a birninmu, ni kuma ina cikin kwamitin mazauna da hukumar sufuri ke tuntuɓa. Muna so a ƙawata doguwar katangar shiga tashar da zane mai ɗorewa, amma duk jami'in da muka tunkara sai ya ce babu kuɗi. Ta ina ake samo kuɗin irin wannan aiki, nawa ya kamata mu nema, kuma me za mu kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Jami'an da suka ce maka babu kuɗi wataƙila gaskiya suka faɗa, domin a aljihun da kuke dubawa babu. Hukumar sufuri aljihu biyu gare ta. Ɗaya na gudanarwar yau da kullum ne, wato albashi da wuta da shara da gyaran jirage, kuma kullum a matse yake. Ɗayan na manyan ayyuka ne, wanda da shi ake gina tashar kanta. Zanen da ya ɗore a tashoshin duniya, akasarinsa daga aljihu na biyun ya fito, kuma an sa shi cikin kasafin ginin tun kafin a haƙa tushe. Tunda ku ba a fara ginin ba tukuna, kun zo a kan gaɓa.

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce a ware wani ƙaramin kaso na kuɗin gini, galibi kashi 1 cikin 100, don aikin fasaha. Faransa ta fara haka a 1951 da gine-ginen makarantu. Birnin Filadelfiya na Amurka ya kafa tasa dokar a 1959, birnin New York ya biyo baya a 1982, sannan hukumar sufurinsa ta buɗe sashen fasaha na kanta a 1985. Hukumar sufurin Los Angeles rabin kashi 1 ta ɗauka, tun 1989. A Stockholm ta Suwidin an soma sa zane a tashoshin ƙarƙashin ƙasa a 1957, yau tashoshi fiye da 90 cikin 100 suna da shi. Abin da ya sa wannan tsari ke aiki shi ne ba ya dogara da son ran shugaban hukuma. Doka ce ko rubutacciyar manufa, ko shugaba ya sauya tana nan. Don haka tambayarku ta farko ga hukuma ita ce ko akwai irin wannan doka a birninku. In babu, sai ku nemi a saka layi guda a kasafin wannan tashar kaɗai, wanda ya fi sauƙin samu nesa ba kusa ba.

A nan ne ake yawan yi wa kwamitoci sakiyar da ba ruwa: kashi 1 na me? Kuɗin aikin gaba ɗaya ya haɗa da sayen fili da shimfiɗa layin dogo da na'urorin sigina da kuɗin masu ba da shawara, kuma yawancin dokoki suna cire waɗannan, su lissafa kason a kan kuɗin ginin tashar kawai. Ana iya jin an ce aikin na biliyan 5 ne, kwamiti ya sa rai da miliyan 50, ashe ginin tashar miliyan 800 ne, kason ya tsaya a miliyan 8. Ku nemi a rubuta muku adadin da za a lissafa kason a kansa. Ku kuma tambayi daga ina kuɗin ginin ya fito, domin wani kuɗin yana zuwa da sharaɗi. A Amurka, dokar sufuri ta 2015 ta hana amfani da tallafin sufuri na gwamnatin tarayya wajen biyan ƙarin kuɗin da sa zane ke jawowa, sai hukumomi suka koma biya daga kason da birni ko jiha ke bayarwa. Bashin da aka ciwo don gini ma sau da yawa ba a yarda a taɓa shi don kulawar shekara-shekara.

Mu ɗauki miliyan 8 ɗin nan, ko da wane irin kuɗi ne, mu ga yadda ake raba shi. Wannan misali ne na yadda aka saba, kowace hukuma da nata ƙa'idar. Kusan kashi 15 zai tafi wajen gudanarwa: sanarwar neman masu zane, alawus na alƙalan zaɓe, lauyan da zai rubuta yarjejeniya, da wanda zai bi aikin har ƙarshe. Kashi 10 a kulle shi don kulawa nan gaba. Sauran miliyan 6 su ne kuɗin aikin. A cikinsu ladan mai zanen kansa yakan kama daga kashi 10 zuwa 20, a ajiye wani kashi 10 don abin da ba a zata ba, ragowar kuma ta tafi ga kayan aiki da masana'antar da za ta ƙera da injiniyan da zai sa hannu cewa bango zai ɗauki nauyin, da inshora da dako da kafawa da fitilu. Mutane kan yi mamaki in suka ji mai zanen wajen miliyan 1 kawai ya samu, amma haka lissafin yake, ƙera abin da kafa shi su ke cinye kuɗin.

Akwai wata dabara da muke so ku riƙe da kyau, don ita ce ke faɗaɗa ƙaramin kasafi. Katangar nan da kuke magana, ko da zane ko babu, sai an lulluɓe ta da wani abu, tayil ko farantin ƙarfe ko gilashi, kuma an riga an sa kuɗinsa a kasafin ɗan kwangila. Idan zanen ya zama shi ne lulluɓin, to kasafin fasaha bambancin kawai zai biya, tsakanin farar tayil da tayil mai zane. Ɗan kwangila zai kafa da ma'aikatansa da injin ɗaga kayansa da inshorarsa, waɗanda duk an riga an biya. Haka mai zane Maria Keil ta yi wa mafi yawan tashoshin ƙarƙashin ƙasa na farko na birnin Lisbon a Portugal, da aka buɗe a 1959, da tayil ɗin da ya zama bangon kansa. Sai dai dabarar ba ta yiwuwa sai an ɗauki mai zane tun masu tsara ginin ba su kammala zanensu ba. Da zarar an ba da kwangila, kowane sauyi sai ɗan kwangila ya caji kuɗinsa daban, kuma farashin da ya ga dama zai yanka don ba shi da abokin takara.

In aka bari har tashar ta fara aiki, abin ya ƙara tsada. A gefen dandamali ba a aiki sai jirgin ƙarshe ya wuce an kashe wutar layi, a sa jami'in tsaro na hukuma ya tsaya a kan ma'aikata. Tsakanin shigo da kaya da kwashe su kafin jirgin asuba, abin da ke saura na ainihin aiki bai fi awa 2 ko 3 ba, alhali an biya kowa kuɗin dare guda. Aikin mako ɗaya a ginin da ba a buɗe ba yana iya cin wata guda ko fiye.

Sauran hanyoyin samun kuɗi ciko ne. Kamfanin da ke gina shaguna ko gidaje a jikin tashar ana iya sa masa sharaɗin ba da gudummawa a lokacin ba shi izini. Gidauniyoyi da kamfanoni kan ba da tallafi, amma a rubuta girman tambarinsu da tsawon shekarun da zai zauna, a kuma rubuta cewa ba su da ta cewa a kan abin da za a zana. Karo-karon jama'a ba ya gina katanga mai tsawon mita 40, amma yana iya biyan masu zane uku zuwa biyar da aka tace kuɗin samfurin da za su gabatar, kuma yana nuna wa hukuma cewa mutane na so. Kada ku nemi masu zane su kawo samfuri kyauta, ƙwararru ba za su shiga ba.

Kashi 10 na kulawa shi aka fi zaftarewa idan kuɗi ya yi ƙaranci, kuma a ganinmu shi ne bai kamata a taɓa ba ko kaɗan. Tasha wuri ne mai wahalar da kaya. Birkin jirgi da gogayyar ƙafafunsa da layi suna fitar da baƙar ƙura mai ƙarfe-ƙarfe, wadda ke kwanciya a kan duk wani lungu da tudu. Ka shafa yatsa a saman allon sanarwa a tashar ƙarƙashin ƙasa, zai fito baƙi wuluk. Ga danshi da ke tsattsafowa ta bayan bango yana kumbura fenti, ga girgizar jirgi da ke sassauta ƙusoshi, ga hannuwa da jakunkunan dubban fasinjoji a kullum, ga mai shara da zai zo da tiyo mai ƙarfi da sabulun da bai san yana cin launi ba. Shi ya sa hukumomin da suka daɗe a harkar suka fi karkata ga gutsattsarin gilashi ko tayil da ake jerawa su ba da hoto, da farantin ƙarfe da aka gasa wa launi a wuta, da gilashi mai ruɓi biyu. Fenti a kan siminti ya fi araha a ranar farko, amma cikin 'yan shekaru sai an sake shi. Abin da ke aiki da lantarki ko na'ura kuwa, kamar allon bidiyo, kayan gyaransa kan ɓace daga kasuwa tun tashar tana sabuwa. Sannan akwai dokar gobara. Tun bayan gobarar tashar King's Cross a Landan a 1987, wadda ta kashe mutum 31, an tsaurara ƙa'ida kan abin da ake sawa a tashoshin ƙarƙashin ƙasa na birnin, kuma kowace hukuma tana da tata. A karɓi takardar ƙa'idar a ba masu zane tun a sanarwar farko, kada a zaɓi aikin katako ko roba sannan jami'in kashe gobara ya ƙi sa hannu.

Wajen biyan mai zane, kashi-kashi ake yi: kaɗan a ranar sa hannu, wani bayan an amince da zane na ƙarshe, kaso mafi tsoka a lokacin ƙira don ya iya sayen kaya, sannan a riƙe kamar kashi 10 har sai an kafa an duba an karɓa. Kafin a saki wannan na ƙarshen, ya miƙa littafin kulawa mai ɗauke da sunan kowane launi da manne da masana'antar da ta yi su da irin sabulun da ya dace, tare da rarar tayil ko gilashi daga cikin waɗanda aka gasa tare da na bangon, domin launin waɗanda aka gasa daga baya ba ya zuwa daidai da na farko.

Yarjejeniyar ta kuma fayyace wa ya mallaki abin, wa ya mallaki haƙƙin hotonsa, wane sashe na hukuma ne zai kula da shi, da abin da za a yi in an zo faɗaɗa tashar. Wannan na ƙarshen yana faruwa. Mai zane Eduardo Paolozzi ya yi wa tashar Tottenham Court Road ta Landan ado da gutsattsarin tayil a shekarun 1980. Da aka zo sake fasalin tashar an adana mafi yawan aikin, amma a 2015 an cire sashen adon da ke kan lanƙwasassun ƙofofin da ke saman matakalar lantarki, abin da ya jawo ƙorafi mai yawa. Ku sa a rubuta cewa za a sanar da mai zane ko magadansa tun da wuri, a ba su damar ɗauke aikin ko ba da shawarar inda za a mai da shi, a kuma faɗi wanda zai biya kuɗin cirewar. A zamanku na gaba da hukuma, Malam, ku tambayi ranar da za a rufe zanen ginin a kai shi neman 'yan kwangila, ku lissafo watanni huɗu zuwa shida baya daga ranar don sanarwa da tacewa da zaɓe. Wannan ne wa'adin da ya kamata layin kasafin ya riga ya shiga.