Ina son aiki a harkar kirifto amma ban iya rubuta manhaja ba, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama karatun akanta shekara biyu ke nan, har yanzu ban samu aiki ba. Abokaina duk sun tsunduma harkar kirifto, wasu na saye da sayarwa, wasu na danne-dannen waya suna jiran a raba musu koyin. Ni so nake abin ya zame mini sana'a, ba na kwana biyu ba. Wani ya ce in biya shi ya koya mini tiredin cikin wata guda. Shin dole sai na iya rubuta manhaja kafin a ɗauke ni aiki a wannan fanni? Kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Riƙe kuɗinka tukuna. Ban ce mai kwas ɗin macuci ba ne, amma abin da zai sayar maka daban, abin da kake nema daban. Kai sana'a kake so, shi kuwa zai nuna maka yadda za ka sa kuɗin aljihunka a kasuwa. Mai tiredin da kuɗinsa ba shi da albashi. In kasuwa ta hau ya samu, in ta rikito ya kwana da asara. Wanda kuma ba shi da wata hanyar samu shi ya fi kowa shiga haɗari a nan, domin matsin rayuwa ne zai riƙa yanke masa shawara: ya sayar lokacin da ya kamata ya jira, ya ci bashi don ya mayar da abin da ya rasa. Danne-dannen waya ma ba zai ba ka abin da za ka rubuta a takardar neman aiki ba.

Amsar tambayarka ta farko ita ce a'a, ba dole ba ne. Kamfanonin wannan fanni kamfanoni ne kamar sauran. Dandalin musaya irin su Coinbase da Kraken da Binance, masu fitar da koyin da ke ɗaure da dala irin su Tether da Circle, masu bin sawun kuɗi irin su Chainalysis da Elliptic, duk suna ɗaukar akantoci da lauyoyi da masu kula da kwastomomi da marubuta da masu zane. Abin da suke biya a kai shi ne gwanintar da ka zo da ita, haɗe da fahimtar yadda wannan sabon kuɗi ke tafiya. Rabin farko yana hannunka. Rabi na biyu za ka nema.

Kada ka raina karatunka, don rashin irinka ne ya kayar da ɗaya daga cikin manyan kamfanonin fannin. A watan Nuwamba na 2022 FTX ya durƙushe, aka nemi kuɗin kwastomomi kusan dala biliyan 8 aka rasa. Mutumin da aka ɗora ya kwance kamfanin, John Ray, shi ne ya taɓa jagorantar rufe Enron, katafaren kamfanin makamashi na Amurka da maguɗin lissafi ya kayar, kuma ya shaida wa kotu cewa bai taɓa ganin lalacewar tsarin kula da kuɗi irin wannan ba. Kamfanin da ke juya biliyoyi yana riƙe lissafinsa a QuickBooks, manhajar ƙananan 'yan kasuwa. Ma'aikaci ya nemi a biya kuɗi, shugabansa ya amince ta hanyar tura masa alamar emoji a zauren hira. Kuɗin jama'a kuma an cuɗa su da na wani kamfanin mai gidan, wato Alameda Research. Babu wanda ya fasa bulokcen, wato littafin kwamfuta da ake rubuta hada-hadar kirifto a ciki, babu manhajar da ta gaza. Littafin lissafi ne babu, da mutumin da zai tsaya ya ce wannan kuɗin ba namu ba ne. A 2024 aka yanke wa mai kamfanin, Sam Bankman-Fried, ɗaurin shekara 25.

Bayan wannan hukumomi suka matsa lamba. A Nuwamban 2023 Binance ya amince ya biya gwamnatin Amurka dala biliyan 4.3 kan sakaci wajen hana halasta kuɗin haram, shugabansa Changpeng Zhao ya sauka. Dokar Tarayyar Turai da ake kira MiCA ta fara aiki gaba ɗayanta a ƙarshen Disamban 2024. Tun 2019 ma hukumar FATF, mai tsara ƙa'idojin yaƙi da halasta kuɗin haram a duniya, ta ce kamfanonin kirifto su riƙa tattara bayanan mai turawa da mai karɓa kamar yadda bankuna ke yi. Duk kamfanin da ke son lasisi yanzu sai ya aje mutanen da za su tantance kwastoma, su sa ido kan hada-hada, su daidaita lissafi, su kai rahoto. A ganina wannan ita ce ƙofar da ta fi dacewa da kai, kuma cunkoso a bakinta bai kai na sauran ba, saboda matasa ba sa ganin ƙyalƙyali a cikinta.

To, me za ka koya? Fara da takardar da Satoshi Nakamoto, wanda ya ƙirƙiro Bitcoin, ya fitar ranar 31 ga Oktoba 2008. Shafi tara ce kacal. Lissafin da ke ƙarshenta kana iya tsallake shi, amma ka tabbata ka gane matsalar da take warwarewa: yadda za a hana mutum kashe kuɗi ɗaya sau biyu ba tare da banki a tsakiya ba. Bulokcen littafin shiga da fita ne wanda dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, ana ƙara masa shafi bayan shafi, kowane shafi ɗaure da wanda ya gabace shi ta yadda goge rubutu ɗaya zai tona kansa. A Bitcoin ana ƙara shafi kusan kowane minti 10, kuma adadin koyin ba zai wuce miliyan 21 ba. Ethereum, wanda ya fara aiki a 2015, ya ƙara da cewa ana iya ɗora 'yan manhajoji a kan littafin su riƙa zartar da yarjejeniya da kansu.

Daga nan ka daina karatu ka taɓa abin da hannunka, gani ya kori ji. Buɗe walet, wato manhajar riƙe koyin, ka juya shi zuwa layin gwaji na Ethereum mai suna Sepolia, inda koyin ba shi da daraja kuma kyauta ake samunsa. Tura wa kanka daga wannan adireshi zuwa wancan. Sai ka ɗauki lambar hada-hadar ka liƙa a Etherscan, shafin duba hada-hada, a ɓangarensa na wannan layin, ka zauna ka karanta abin da ya fito layi-layi: adireshin mai turawa, mai haruffa da lambobi 42 da ke farawa da 0x, na mai karɓa, lokaci, lambar shafin da aka rubuta ta, da ladan da aka cire. Idan idonka ya saba, koma babban layi ka duba hada-hadar da wasu suka yi da USDT, koyin ɗin Tether da ke ɗaure da dala. Za ka ga wurin adadi an rubuta sifiri, alhali dubban daloli sun tashi daga hannu zuwa hannu. Dalili shi ne wurin nan ether, koyin ɗin Ethereum, kaɗai yake ƙirgawa, motsin tokin irin su USDT yana can a wani layi. A ɗanyen bayani kuma za ka ga 1000000, wanda USDT ɗaya ne tak, domin shi gurbi 6 yake da shi bayan ɗigo, ether kuwa 18. Za ka kuma ci karo da hada-hadar da ta gaza, kuɗi bai je ba, amma an cire lada. Yaya za ka shigar da wannan a littafi? Da wane farashi, na lokacin turawa ko na ƙarshen rana? Irin waɗannan tambayoyin ake yi wa mai neman aikin akanta a kamfanin kirifto, kuma yawancin masu ihun farashi ba za su iya amsa su ba.

Excel ɗinka ya yi ƙarfi, sannan ka ƙara da SQL, yaren da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi. Ba shi da wuyar da ake zato, mai kan lissafi zai fara amfani da shi cikin 'yan makonni. Dandalin Dune ya zuba bayanan bulokcen a tebur-tebur, kowa na iya shiga ya tambaya ya fitar da jadawali. Turancinka ma na rubutu ka gyara shi, domin da shi ake yawancin aikin, kuma sau da yawa daga nesa, inda rubutunka ne fuskarka.

In daga baya zuciyarka ta karkata ga rubuta manhaja, hanya a buɗe take, sai dai doguwa ce. A fara da JavaScript ko Python a ƙware, kafin a shiga Solidity na Ethereum ko Rust na Solana. Ana gwaji a Remix, a koma Foundry ko Hardhat, a yi atisayen Ethernaut na OpenZeppelin. Wanda ya tsallake matakin farko ya faɗa Solidity kai tsaye zai cuci mutane, don a nan kuskure kuɗin jama'a ne, kuma abin da aka ɗora a bulokcen ba a gyara shi cikin sauƙi. A watan Yunin 2016 aka kwashe ether kusan miliyan 3.6 daga The DAO, wani asusun zuba jari da ke kan Ethereum, saboda jerin layuka biyu: manhajar tana tura wa mutum kuɗinsa kafin ta rage masa a lissafi. Sai maharin ya riƙa sake kiranta tana biyansa, tana biyansa, lissafinsa na nan bai motsa ba. Akanta da ya dubi wannan zai gane laifin nan take, an biya ba a rubuta ba. Shi ya sa masu binciken tsaron manhaja ke da tsada, kuma dandali irin su Immunefi ke biyan lada ga wanda ya gano ɓaraka.

Takardun shaida fa? Yawancin satifiket ɗin bulokcen da ake tallatawa ba sa motsa mai ɗaukar aiki. Wanda na ga yana da nauyi a ɓangaren da nake nuna maka shi ne CAMS na ƙungiyar ACAMS, da shaidar ƙwararrun akantoci, kuma dukansu bankuna ma na girmama su. Amma abin da ya fi takarda shi ne aikin da za a iya buɗewa a gani. Ɗauki wata sata da ta shahara, kamar ta dandalin musaya na Bybit a Fabrairun 2025 inda aka yi awon gaba da kusan dala biliyan 1.5, ka bi sawun wani ɓangare na kuɗin daga adireshi zuwa adireshi, ka rubuta shafi biyu kan abin da ka gani da inda sawun ya ɓace maka. Ko ka ɗauki rahoton da wani dandalin musaya ya fitar na shaidar kadarorin da ke hannunsa, ka yi masa karatun akanta: ya nuna abin da ya mallaka, to ya nuna abin da ake bin sa? Yawanci a nan gizo ke saƙa. Rubutu uku ko huɗu irin wannan, da jadawali ɗaya a Dune mai sunanka, sun fi ka rubuta cewa kana da sha'awar fannin. Wata shida zuwa shekara na aiki tuƙuru ba su yi yawa ba kafin ka kai nan. In kuma aikin akanta ya samu a banki ko kamfanin hada-hadar kuɗi ta waya ko ofishin odita, karɓe shi hannu bibbiyu. Daga can aka ɗebo da yawa daga cikin waɗanda ke riƙe da waɗannan kujeru a kamfanonin kirifto. Aikin amsa koken kwastomomi ma kada ka ƙi shi, a nan ake ganin kowace irin matsala da ido.

Ka shiga da sanin cewa ɗaukar aiki a fannin nan farashi yake bi. A watan Yunin 2022, bayan rushewar Terra da koyin ɗinsa Luna, Coinbase ya sallami kashi 18 cikin ɗari na ma'aikatansa, a Janairun 2023 ya ƙara da wajen kashi 20. Wanda iliminsa bai wuce sunayen koyin ba ya rasa inda zai dosa. Mai SQL da odita da sanin dokokin kuɗi ya tsallaka wani wurin. Wannan ne ya sa nake ta jan ka zuwa gwanintar da za ta ci a ko'ina. Idan an zo maganar albashi kuma, tambayi nawa ne kuɗi tsaba, nawa ne tokin na kamfanin, yaushe za a sake maka shi. Tokin da aka kulle na shekaru zai iya zama ba komai kafin ranar ta zo. Ka kuma duba wa za ka yi wa aiki: yana da lasisi, an san masu shi, daga ina yake samun riba? OneCoin ya tara sama da dala biliyan 4 daga jama'a ba tare da bulokcen na gaskiya ba, shugabarsa Ruja Ignatova ta ɓace tun 2017, kuma talakawan da aka ba muƙamin wakilai ne suka jawo 'yan'uwansu ciki. Duk aikin da ladansa ya dogara ga yawan mutanen da ka kawo su zuba kuɗi, ka guje shi.

Su ma masu neman aikin farautarsu ake yi. Satar da aka yi wa Ronin, bulokcen ɗin wani wasan intanet, a Maris na 2022, ta sama da dala miliyan 600, wadda hukumar FBI ta ɗora wa gungun Lazarus na Koriya ta Arewa, rahotanni sun nuna da tayin aikin ƙarya ta faro: aka yi wa wani injiniya intabiyu zagaye-zagaye, aka tura masa takardar albashi mai tsoka, ya buɗe ta a kwamfutarsa. Ƙananan 'yan damfara ma salon suke bi. Saƙo zai same ka a Telegram ko LinkedIn, albashi ya fi ƙarfin gwanintarka, a ce ka sauke wata manhajar ganawa ta musamman, ko ka biya kuɗin horo, ko ka haɗa walet ɗinka da wani shafi don a gwada ka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki, kuma babu wani dalili a duniya da zai sa ya nemi kalmomin sirrin walet ɗinka 12 ko 24. Duk tayin da ya zo, je shafin kamfanin da kanka ka ga ko gurbin na nan, ka duba adireshin imel ɗin harafi-harafi, sannan duk fayil ɗin da baƙo ya turo ka buɗe shi a na'urar da babu walet a cikinta.